Ranar da Na Sanyaya Hura da Ƙanƙarar Rigakafi

Saura kaɗan in bar labarin ga a cikina, don ban hito da kyau a cikinsa ba. Amma matata ta riga ta ba matan unguwarmu kaf, kuma yadda take ƙara masa gishiri har ni kaina tausayin mutumin nike ji. Gara ku ji daga bakin mai shi.

Shekarun baya kaɗan, tun hanyoyin dajinmu ba su lalace kamar yau ba, anka ɗauke ni aikin rigakafin shan-inna a Sabon Birni. Kada ku ɗauka likita na zama. Babur gare ni, na san hanya, kuma fataucin da na yi daga Maraɗi har Agadas ya bar min Fillanci na sayen nono da tambayar rijiya. Aikina in goya ma'aikaciyar lafiya da akwatinta in kai ta rugage. 'Yar garin Isa ce, sa'ar ɗiyata ta fari, ba ta da yawan magana. Ina ce mata Malama, tana ce min Baba.

Tun ranar farko ta buɗe akwatin ta nuna min. Robobi huɗu cike da ƙanƙara a gefe, 'yan kwalaben magani a tsakiya. Jikin kowace kwalba akwai ɗan zagaye, cikinsa wani ɗan fari. Ta ce, "Baba, in zafi ya taɓa maganin, farin nan zai riƙa duhu. In ya yi duhu kamar zagayen, shi ke nan, ruwa ne kawai muke ɗiga wa yara."

Na ce na ji. Na ji ɗin kuwa, irin jin da ake yi wa wa'azi ranar kasuwa.

Wata ranar bazara anka ba mu rugage biyu bayan Kurawa. Ta farko ta wani Arɗo ce, abokina na shekara ashirin. Ta biyu ta surukinsa ce, can gab da iyaka, kuma washegari da sassafe za su tashi su ƙetara Nijar neman ciyawa, sai bayan damina a sake ganinsu. Can jikokin Arɗo suke, har da jaririyar da ba a taɓa ɗiga wa maganin ba. Arɗo kuwa ba ya wasa da wannan magana. Ƙanensa na nan gindin aduwa yana tufkar igiya, ƙafafunsa sun shanye tun yana yaro.

Malama ta gama da yaran rugar farko kafin azahar. Ɗigo biyu a baki, ta shafa alama a ƙaramin yatsan hagu, na gaba. Matan sunka ja ta ciki ta yi salla. Ta ajiye akwatin kusa da ni a inuwa ta ce, "Baba, amana."

Anka kawo mana hura da nono cikin babbar ƙwarya. To ni shekara ashirin nike shan nonon mutumin ga, ban taɓa kawo masa abin da ba shi da shi ba. Goro? Yana da shi. Sukari? Yana da shi. Kuma na daɗe ina cika masa kunne da wata hura mai ƙanƙara da na sha a Maraɗi. Ran nan ma na soma.

Ya ce, "Kaɗo, da ƙarya shanu ce, da kai ne Arɗo."

Na ce, "Au, haka ka ce? Bari ka gani."

Na buɗe akwatin na zaro roba biyu, na ɗauraye su, na tsoma cikin ƙwaryar. Na ce a raina, huɗu ne, biyu ai sun isa tsaron 'yan kwalaben ga. Aro ne kawai, yanzu za ni mayar. Dattawa sunka matso da ludayinsu. Wani ya kurɓa ya dafe haƙori, wani ya ce wannan sai Aljanna. Hira ta yi daɗi, matan kuma sunka riƙe Malama da abinci. Na manta da mayarwa.

Sai ganinta munka yi tsaye bisa kanmu. Ta dubi ƙwaryar, ta dube ni. Wallahi da ta zage ni da ya yi min sauƙi. Ta sa hannu ta tsamo roba ɗaya, nono na ɗiga, ta girgiza ta kusa da kunnenta. Duk munka ji ruwa na motsi a ciki.

Ta ce, "Baba, biyun da sunka rage ba za su kai mu can ba. Tafiyar awa biyu ce cikin rairayi, a ranar ga."

Na ce, "Mu koma gari mu ɗauko wasu, gobe da safe..."

"Gobe sun ƙetara."

Arɗo ba ya jin Hausar asibiti, amma wannan ya ji ta. Ya ajiye ludayi a hankali. Bai dube ni ba, ƙanensa ya duba.

Sai ya tashi ya ɗauki wayarsa ya nufi wani suri bayan garke, don nan kaɗai waya take kamawa, ita ma layin Nijar. Dattijo mai furfura bisa suri, hannu ɗaya riƙe da malafa, yana daka wa surukinsa tsawa da Fillanci: a ɗora yara bisa jakai yanzu-yanzu, a kawo su rijiyar da ke rabin hanya. Uwargidansa kuwa ba ta tambayi kowa komi ba. Ta jiƙa buhun algarara sharkaf ta naɗe akwatin da shi, yadda suke naɗe goran nono in za su kasuwa.

Na tuƙa babur ran nan kamar mai gudun sammaci. Malama ta rungume akwatin a cinya ta lulluɓe shi da hijabinta. Ko da munka faɗa rairayi na sauka ina turawa, ba ta ce min sannu ba, ni kuma ban nema ba.

Mun riga su isa rijiyar. Munka zauna inuwa, ta ƙi buɗe akwatin, ta ce kowace buɗewa sanyi ne ke gudu. Ina ta jiƙa buhun da guga, ina ta duban gabas. Can sai ga jakai biyu, yara a kai uku-uku, ɗiyar Arɗo a baya goye da jaririya.

Sannan Malama ta ɗaga murhin kaɗan ta zaro kwalba ɗaya ta kai wajen haske. Na leƙa ta bayan kafaɗarta. Farin ya soma ɗaukar toka-toka, amma bai kai duhun zagayen ba. Ta ce, "Yana da rai." Na ɗaga hannu na gode wa Allah.

Ɗigo biyu, alama a yatsa, na gaba. Jaririyar ta yamutse fuska kamar an ba ta maɗaci, uwar ta yi dariya, ni ma na yi, har da ƙari.

Yarinyar nan yanzu ta yi wayo. Bara na gan ta a kasuwar Bafarawa tana bin kakarta da gudu, ƙaramar ƙwarya bisa kai. Arɗo har yau in na je rugarsa sai ya ce a ɓoye tukwane, ga ɓarawon sanyi ya zo. Na ci gaba da aikin shekara uku bayan nan, ban ƙara taɓa murhin akwati ba ko da za a ba ni raƙumi.

Amma ranar, sai bayan magariba ni da Malama munka dawo Sabon Birni. Na tsaya ƙofar asibiti, ta sauka, ta gyara hijabi, ta rataya akwatinta. Na gama shirya ban-haƙuri a baki. Ta yi taku biyu, ta juyo, ta ce:

"Baba, tsakaninka da Allah, hurar dai ta yi sanyi?"