Yatsun da Na'ura Ta Ƙi Karɓa

A ofishin fasfo na birnin Hanoi, sau huɗu ke nan na'urar da ke gaban ma'aikaciya Diep tana ƙin karɓar zanen yatsan wata tsohuwa. Matar na zaune a bakin kujera, baya a miƙe, ko jingina ba ta yi. Farcenta a yanke ƙwal, kan yatsun kuwa sumul kamar dutsen rafi.

"Kaka, wankau kika yi ne? Zanen yatsunki duk ya goge."

"Kaɗa piyano ne, 'yata. Shekara hamsin ina koyarwa. Ɗalibata za ta yi wasan piyano a birnin Warsaw ƙarshen wata, na ce mata ta neme ni a layin gaba."

Diep na kallon hannuwan, tana lissafa safiya nawa suka cinye suna maimaita kiɗa ɗaya. Sai tsohuwar ta ɗago mata wuyan hannu daga kan tebur.

"Sassauta nan, kar ki tsufa da ciwo."

Tsohuwar ta mayar da yatsanta kan gilashin na'urar a hankali.

"Mu sake. Sau huɗu ai ko ɗumi hannu bai yi ba."