Yadi Shida na Goggo

Aikina a ɗakin ɗinkin Inna shi ne lura da fuskoki. Inna tela ce, kekenta na ƙafa yana zauren gidanmu a Garwa. Duk lokacin da zaɓe ya matso, ko za a yi wani taron gwamnati, matan jam'iyya mai mulki sukan kawo atamfar da aka raba musu, mai hoton Shugaba a cikin da'ira, an jera shi daga bakin yadi zuwa ƙarshe. Ɗinkin irin wannan atamfa yana da ƙa'idar da ba wanda ya rubuta, amma kowane tela ya san ta. Almakashi ba ya ratsa fuska. Fuska ba ta sauka a mazaunai, ba ta shiga hammata, ba ta juyewa kai ƙasa. Ni nake shimfiɗa yadin a tabarma, in zagaya shi da alli, in gano inda kowace fuska za ta zauna a jikin mai kayan kafin Inna ta sa almakashi. Aikin ya dace da ni, don ba ya buƙatar magana, ni kuwa a lokacin ko gaisuwa da ƙyar take fita daga bakina.

Ƙyallen da ya rage da fuska a jikinsa ba ma zubar da shi a bola. An ce wani tela ya sha tambaya don an ga ana goge babur da irinsa a ƙofar shagonsa. Ban san ko gaskiya ne ba, amma Inna ta yarda, shi ya sa ta ajiye wani tsohon buhun shinkafa a bayan keke, a ciki muke tara su. Wani lokaci nakan zazzage buhun in duba. Launin atamfar yana sauyawa daga zaɓe zuwa zaɓe, amma fuskar ɗaya ce, kwat ɗaya, murmushi ɗaya. Waɗanda ke ƙasan buhun sun girme ni.

Allin da nake zane da shi Goggo ce take kawo mini. Ƙanwar Baba ce, malamar firamare, kowa a unguwa Metires yake ce mata. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gidanmu, tana ɗakin baya, da ƙafa take zuwa makarantarta da ke kusa da kogi. Wannan ɗaki da wannan aji su ne duk abin da ta mallaka. Kullum akwai farin alli a gefen farcenta, kuma guntayen da suka yi mata ƙanƙanta a allo takan ƙulle mini su a bakin mayafi. Ita da Baba "Uwata" suke kirana, don sunan mahaifiyarsu aka sa mini.

A shekarata ta uku a lise, wato sakandare, aka fara maganar Madam. Wata 'yar siyasa ce daga kudu, muna jin muryarta a rediyon ƙasashen waje, ba ta tauna magana. Aka ce mutanenta suna matsa mata ta tsaya takarar shugaban ƙasa, ita kuma ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Wata Asabar bayan la'asar, ana saura mako uku ranar mata ta duniya, wadda mata ke yin fareti a cikinta, Goggo ta shigo zaure da leda a hammata. Ta zaro atamfa yadi shida ta warware a kan tabarmata. Wata ƙawarta ce ta aiko mata daga Duwala.

Ban taɓa ganin fuskar mace a cikin wannan da'ira ba. Tana sanye da tabarau, ba ta murmushi. Bugun ma bai yi kyau ba, jan leɓenta ya ɗan zame ya fita gefen baki.

"Riga da zane nake so, Adda," in ji Goggo, don haka take kiran Inna. "Ranar mata zan sa. Zan shiga layin malamai da mayafi a rufe, in mun zo gaban rumfar manya in sauke shi kafaɗa."

Inna ba ta ɗaga ƙafa daga keke ba. "Metires, zafin watan nan ne ya taɓa ki?"

Kafin Goggo ta amsa sai ga sallamar Hajiya, shugabar matan jam'iyya ta unguwarmu, ta zo gwada rigarta. Inna ta yi wa Goggo ido ta naɗe. Goggo ta ƙi. Hajiya ta tsaya a kan atamfar ta daɗe tana kallo, sannan ta zauna a benci tana fifita da bakin gyale.

"Ita ce wannan? A rediyo na ɗauka ƙatuwa ce."

"Ita ce, Hajiya. Ko a yanko miki yadi biyu?"

"Rufa mini asiri. Ke da kika yi karatu, gaya mini, wannan ta san inda Garwa take? Ta taɓa kwana a tsakar gida a watan Maris tana jiran iska? In ta hau, 'yan garinsu za ta cika ofis da su, mu kuma mu ci gaba da tafi."

"Yanzu da ba ta hau ba me muke yi?"

"Tafi. Amma aƙalla mun san wanda muke tafa wa." Hajiya ta yi dariya har gyalenta ya zame. "Kuma maza nawa suka gwada? Masu gemu, masu digiri, masu jirgi. Ina suke? Sai mace?"

"Ni ban ce za ta ci ba," in ji Goggo. "Ta dai tsaya. 'Yan mata talatin ne a ajina. In na tambaye su me za su zama, sai su ce nas, ko metires, ko matar gwamna. Ina so ranar zaɓe su ga takardar ƙuri'a a ƙasa mai hoton mace, ko da wadda aka yar ce."

A nan Baba ya shigo daga kasuwa, da ƙunshin nama a takardar siminti. Mahauci ne, tun asuba yake fita mayanka. Ya gaida Hajiya, ya dubi tabarma, ya dubi ƙanwarsa.

"Alhaji, raba mu," in ji Hajiya. "Mace ta yi shugabancin ƙasa?"

"Malamai suna da maganarsu a kai, ku je ku tambaye su." Ya miƙa mini naman in kai ciki, na karɓa amma ban tafi ba. "Ni abin da na sani na kasuwa ne. Ba a cinikin saniyar da mai ita bai kawo kara ba. Ku zauna ku yi ta musu, mace ce za ta saya ko namiji. Mai saniya yana gida, bai ce zai sayar ba."

"To mu yi shiru ke nan, Yaya?"

"Ki yi magana a nan zaure, ba wanda ya hana ki. Amma albashinki daga hannunsu yake fitowa. Takarda ɗaya za su rubuta, ki tsinci kanki a inda mota ba ta zuwa da damina."

Inna ta tsayar da keke. "Ni dai tun ina amarya fuska ɗaya nake ɗinkawa. Hannuna bai san wata ba."

"Hannun Uwata zai sani," in ji Goggo, ta juyo gare ni. Kowa ya dube ni. Na sunkuyar da kai ina kallon maiƙon da ya fara ratsa takardar simintin.

Kwana biyu Inna tana ƙi, a na uku ta sauke labulen zaure da rana tsaka ta ce in ɗauko alli. Na yi wa Madam duk ladabin da nake yi wa Shugaba. Biyu a ƙirji, ɗaya a kowace kafaɗa, huɗu suka zagaye zane daidai ƙugun Goggo, ba wadda ta faɗa inda bai kamata ba. Fuska ɗaya ta rage. Inna ta ce in jefa ta a buhu. Na kai hannu bakin buhun, sai na ga ba na so ta shiga cikin waɗancan. Na ninke ta huɗu na sa a tsakiyar littafina na labarin ƙasa.

Mako guda ina yawo da ita. Idan malami yana rubutu a allo nakan ɗaga shafi in leƙa tabarau ɗin. Ba wani tunanin siyasa nake yi ba. Abin da ya riƙe ni shi ne ba ta murmushi, kamar ba ta damu a so ta ba.

Yarinyar da muke benci ɗaya da ita ta yi fashin kwana biyu, ta nemi aron littafin ta kwafi darasi. Na manta da ƙyallen, na miƙa mata. Ƙyallen ya faɗo a cinyarta. Ta warware shi ta duba, ta ce, "A ina kika samu?" Na san mahaifinta yana aiki a ofishin da ke kula da malamai, ita da bakinta take faɗa kullum. Da na yi shiru kamar yadda na saba, da ta gaji ta ƙyale ni. Amma ranar wani abu kamar alfahari ya taso mini, na ce, "Na goggona ne. Ranar mata za ta sa." Ban taɓa yi mata magana mai tsawon haka ba.

Ana saura kwana huɗu ranar mata, Goggo ta dawo daga makaranta tun kafin azahar, da takarda a hannu. An mayar da ita wani ƙauye can bayan Bibemi, saboda buƙatar aiki, in ji takardar, kuma ta kama aiki cikin mako. Ba a ambaci atamfa ba. Ta je ofis sau uku, sau uku ana ce mata mai sa hannun yana Yawunde. Baba bai ce "na gaya miki" ba. Ya sayo mata fitila da buhun gero, ya ɗaure katifarta da igiya, ya raka ta tasha. Ranar mata ta same ta a hanya. Rigar tana rataye a bayan ƙofar ɗakinta, ko guga ba a yi mata ba.

Bayan kamar wata biyu muna cin abincin rana, rediyon Baba yana kan taga, aka sa muryar Madam. Ta gode wa masu ƙaunarta, ta ce ta yi shawara, lokaci bai yi ba, ba za ta tsaya ba. Baba ya miƙa hannu ya kashe rediyon, muka ci gaba da cin tuwo. Da yamma Hajiya ta leƙo ta ce wa Inna, "Kin ji ko?" Inna ta ce ta ji. Ko Hajiyar ba ta yi dariya ba.

Goggo ta zo hutun ƙarshen shekara ta rame, wuyanta ya yi tsawo. Ta ce ajinta rumfar zana ce, rijiya kuma da nisa. Kwana biyu da zuwanta ta shigo zaure da leda a hammata, kamar wancan karon. Atamfar jam'iyya ce, sabuwa, ta zaɓen da ke tafe. Shugaban makarantarsu ya gaya mata za a yi gangami a Bibemi, manya za su zo, kuma wanda ake gani a irin wannan wuri shi ake tunawa idan ana duba takardun masu neman komawa gari.

Inna ta karɓa. Ta miƙo mini abin awo ta shiga ciki, ta bar mu mu biyu. Ina auna kafaɗarta, ta ba ni baya, na ga in ban faɗa yanzu ba ba zan taɓa faɗa ba. Na gaya mata komai, ƙyallen, littafin, yarinyar, da abin da na ce.

Ba ta juyo ba. Ta ce, "Uwata, Hajiya ta gani. Mai kawo wa Adda zare ya gani. Ni da kaina na gaya wa malamai biyu a makaranta. Wa ya sani ko ke ce, ko su, ko duk ku ne? Kada ki ɗora wa kanki. Ba mu kai a yi dogon bincike a kanmu ba." Ta ɗaga hannu don in auna hammata. "Ita ma da muka yi dominta ba ta san an yi ba."

Na so ta yi faɗa. Da ta yi, da na samu abin riƙewa.

"Ki sa manyan biyu a gaba," in ji ta, "inda za a hango daga rumfa."

Na shimfiɗa yadin, na ɗauko guntun alli, cikin waɗanda ta kawo mini daga ƙauyen a bakin mayafi. Rigar ba ta ba ni wahala ba. Zanen ne ya tsayar da ni. Wancan karon fuska huɗu ne suka zagaye ƙugunta cif, yanzu uku da rabi suka ishe ta. Rabin da ya yi yawa ba a yanke shi, don haka na nuna wa Inna inda za ta ninke shi ciki ta bi da ɗinki, ya ɓuya a jikin Goggo ba tare da almakashi ya taɓa shi ba.

Ta sa kayan ta je gangamin. Ta ce ta samu layin gaba, ta yi tafi har tafin hannunta ya yi ja. Takardar komawa ba ta zo ba a shekarar, ba ta zo ba a ta gaba. A ƙauyen ta yi ritaya. Ɗakin baya Baba ya mayar da shi wurin ajiye fatu, rigar Madam kuwa Inna ta farke ta wata rana da reza, a hankali, ta bi ɗinki ɗaya bayan ɗaya don kada ta yanki fuska, ta zuba fuskokin a buhu tare da sauran.