Ƙwayar Inna a Farantin Mai Talla

Ɗaliban farmasi da ake turo mani staj, wato koyon aiki, a Tibiri tambayarsu ɗaya ce: in an gama, ina ake dosa? Ni kuwa sai in gyara farin bulus ɗina, rigar aikinmu, in yi gyaran murya, in shiga zuba. In ce musu ga asibitin gwamnati, ga kamfanonin da ke shigo da magani, ga ƙungiyoyin agaji masu manyan motoci. Wanda ubansa ke da abin hannu ya buɗe farmasi nasa a bakin titi, ya sa gilashi da firiji. Mai son zaman shiru ya shiga labo ya riƙa gwada ƙwayoyi, yana raba na gaske da jabu. Duk gaskiya ne. Sai dai ni, aikin farko da diplom ɗina ya yi mani shi ne kai wa mai tallan magani kaya a bayan masallaci.

Ni ɗan fari ne. Tun da aka yaye ni aka kai ni wurin gwaggona a unguwar Zariya cikin Maraɗi, Inna kuwa tana Jiratawa, kusa da gonar zogalen da mahaifinmu ya bari. Ba ta taɓa kama sunana ba, ba ta taɓa dubana ido cikin ido ba. In na durƙusa na gaishe ta, sai ta amsa wa bango. In tana son in ci abinci, sai ta ce wa ƙanwata, "Ki ba mutumin Zariya tuwo." Haka na taso, ban ga laifin kowa ba, kunya ce irin ta iyayenmu. Amma wallahi akwai ranakun da abin ya ci mani rai, musamman in na ga ƙanwata ta kwanta jikinta suna ta dariya.

Na dawo daga jami'a a Yamai kaina ya yi girman kabewa. Kowa sai ya ce mani dokta, har da mai kabu-kabu, in dai ni na fara gaya masa. A lokacin wani kamfanin magani ya neme ni in zama delege, wato mai zagaya likitoci yana tallata musu sababbin ƙwayoyi. Zama a Yamai, mota mai sanyi, jaka baƙa. Na riga na sayi karabat har na koyi ɗaure shi a wuya a gaban madubin gwaggo, tana kallona tana cewa in yi a hankali kada in shaƙe kaina kafin albashin farko.

Ana cikin haka ƙanwata ta zo Zariya ta ce Inna na fama da ciwon kai da jiri, kuma rannan ta tashi daga wanke-wanke sai da ta dafa bango. Muka yi dabara, ƙanwata ta ja ta asibiti da sunan rakiya, likita ta auna ta. Hawan jini ne, kuma ya hau sosai. Likitar ta rubuta ordinansi, wato takardar sayen magani, ta ja ƙanwata gefe ta ce in ba a sha maganin nan kullum ba, wata rana ɓarin jiki zai shanye, ko ma abin da ya fi haka.

To, ga dokta a gida, me ya rage? Na sayo maganin, na sa riga mai guga, na tafi Jiratawa. Na durƙusa a ƙofar ɗakinta na yi wa labule lacca a kan jijiyoyin jini, da gishiri, da aikin ƙoda. Na wuce gona da iri, har da zana zuciya a ƙasa da tsinke. Da na gama, Inna ta ce wa ƙanwata, "An gode. Sa a kwalla." Aka sa a kwalla, aka rufe, aka ɗora wata kwallar a kai.

Ashe Inna tana da nata likitan. Wani dattijo ne mai yawo da faranti a ka, an jera ƙwayoyi an ɗaure da roba, rana na dukansu daga safe har la'asar. Shi bai san sunan magani ba, kala ya sani: ja da ruwan ɗorawa, fari mai tsaga, kore na ƙarfin jiki. In ya zo sai ta shimfiɗa masa tabarma, ta ba shi fura, ta gaya masa ciwonta tun daga ƙeya har ɗan yatsa. Abin da yake ba ta na ciwon kai kuwa irin wanda ke ƙara hawan jini ne. Da ƙanwata ta matsa mata a kan na cikin kwalla, sai ta ce, "Yaro na haihwa, ba malami ba. Ƙaƙa za ni zamna shina yi mani hirar jinina?"

Kamfani suna ta kirana a waya, ni kuwa ina ta cewa su ba ni lokaci. Na san in na tafi Yamai, labari kawai zan ji. Daga ƙarshe na ce musu na fasa, na karɓi aikin kwantara, na wucin gadi, a ɗakin maganin wani ƙaramin asibiti a Tibiri, inda firijin ke aiki ranar da ya ga dama. Abokaina suka ce na haukace. Na ce musu kishin ƙasa ne, talaka ya fi bukatata. Na faɗi haka sau da yawa har na fara jin kaina wani waliyyi. Karabat ɗin kuwa gwaggo ta ɗaure buhun gero da shi.

Sai dai zama kusa bai sa Inna ta buɗe kwalla ba. Dole ƙanwar na ƙi. Rannan na tare dattijon nan a bayan masallacin Jiratawa bayan azahar, ina waige-waige kamar ɓarawon akuya. Ni da na ɗaga hannu a gaban malamaina na yi rantsuwa zan kare mutuncin magani, ga ni ina roƙon mai faranti. Na ce masa, "Baba, taimako za ka yi mani. Wannan za ka riƙa ba Innarmu, ka daina ba ta wancan. Ka ce guda kullum da safe, ko kai na ciwo ko ba ya ciwo. Kuma don Allah a aljihu za ka sa, ba a rana ba."

Ya juya katin maganin, ya shinshina, ya ce, "Dokta, wanga ba shi da kala. Amma tunda kai ne, na ji."

Ikon Allah, abin ya yi aiki. Ya gaya mata sabon shigowa ne, manyan hajiyoyin Maraɗi kaɗai ke samunsa. Inna ta riƙa sha ba fashi. Jiri ya tafi, ta koma tsinkar zogale da kanta. Ina zaune a tsakar gida na ji tana gaya wa maƙwabciya cewa ilimi ba a lakwal kaɗai yake ba, ga bawan Allah nan bai taɓa zama aji ba ya warkar da ita. Na haɗiye, na ci tuwona.

Da na tsaya a nan da an zauna lafiya. Amma bakina ba ya da linzami. Wani gidan rediyo a Maraɗi ya gayyace ni shirin lafiya, aka sa mani abin ji a kunne, na ji muryata ta yi wani kauri mai daɗi. Mai gabatarwa ya tambaye ni ra'ayina a kan masu tallan magani a titi. Kai, jama'a! Na manta da bayan masallaci sam. Na ce guba suke sayarwa, na ce su ke kashe ƙodar mutane, na ce hukuma ta tattara farantansu ta cinna musu wuta. Gaskiya na faɗa, har yau ban janye ba. Na fito ina jin daɗi, na hau babur ina gaida mutanen da ba su gaishe ni ba.

Ba a jima ba aka yi kame a kasuwannin ƙauye. Ba na ce maganata ce ta jawo ba, ko da yake a Tibiri na bar mutane suna zaton haka. Da na je bayan masallaci da maganin wata guda, na tarar da dattijon ba faranti, kansa sai hula.

"Dokta," ya ce, "na ji ka a rediyo. Muryarka ta hito tas."

Na fara kame-kame, na ce ai ba shi nake nufi ba.

"To wa kaka nuhi? Sun amshe farantin, har da na aljihu. Ni na bar sana'a, na koma ban ruwan albasa. Uwarka ce, ka je ka ba ta da kanka, tunda kai ka iya magana."

Kaza ta tono wuƙar yanka ta. Na ba ƙanwata maganin ta kai, aka ce an gode, aka sa a kwalla. Inna ta ce ita na mutuminta take jira. Kwanaki suka yi ta wucewa, ciwon kai ya dawo, rannan aka ce hannunta na hagu ya yi mata nauyi da safe. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Ina ba mutane magani ta taga, hankalina na Jiratawa, waya ta yi ƙara sai gabana ya faɗi.

Ƙanwata ba ta da haƙurina, ba ta kuma da kunyata. Ta kira ni ta ce, "Yaya, na hwaɗa mata duka. Masallacin, da Yamai da ka ƙi, da komi." Na ce na shiga uku, me ta ce? Ta ce tashi kawai Inna ta yi ta shiga ɗaki. Na kasa zuwa Jiratawa. Namiji da gemu, mai yi wa gari faɗa a rediyo, na ɓuya a Tibiri ina jiran hukunci.

Ranar kasuwa ce, layi ya yi tsawo a tagar ɗakin magani, zafi kamar a gasa masara. Ina karɓar takarda ina miƙa magani ba tare da na ɗaga kai ba. Sai wani hannu ya turo mani katin magani da aka shanye, duk ramukansa a fashe. Na san hannun nan, da lallensa, da zoben azurfar da ya lotsa. Na ɗago. Inna ce, ta ja mayafi ta kawar da fuska gefe. Daga Jiratawa ta hau mota ta ratsa Maraɗi, ta wuce duk farmasin da ke cikin birni, ta zo ta bi layi a rana bayan mutanen da ba ta sani ba.

"Dokta," ta ce, "irin wanga nika so."

Ni take yi wa magana. Babu bango, babu ƙanwata a tsakani. Na juya wurin kantar magani, na ɗauko maganin tari, na mayar, na ɗauko na tsutsar ciki, na mayar. Da ƙyar na gano kwalin da nake taɓawa kullum.

"Ƙaƙa aka shan shi?"

Ta fi ni sanin yadda ake shan shi. Na buɗe baki in yi bayani, muryar rediyon nan ta ƙi fita. Abin da ya fito wata ƴar siririyar murya ce: "Guda, kullum da safe, Inna."

"Yau ban sha ba. Ba ni ruwa."

Na fita da gudu, aljihun bulus ya kama marfin ƙofa ya yage, ban tsaya ba. Na ɗebo ruwa a randa, rabi ya zube a hanya. Ta ɓalle ƙwaya guda, ta yi bisimilla, ta haɗiye a gabana. Ta miƙo mani moɗar, har yanzu ba ta dube ni ba, ta ce, "Koma bakin aikinka, mutane na jira."

Na koma bayan taga. Matar da ke biye da ita ta yi ta turo mani takardarta tana cewa malam lafiya, ni kuwa na riƙe takardar na kasa karanta ko harafi ɗaya, don idona ya cika da hawaye.