Jiƙon Dabinon Iya

A unguwar Jurf ta Madina, shekarun da maigidana yake karatu, ba a suna ko walima a gidan Bahaushe sai an kira Iya. Tsohuwa ce 'yar Damagaram, ta zo aikin hajji ta yi zamanta. Ba girki take yi ba, abin sha take haɗawa, kuma da shi kaɗai aka san ta. Za ta leƙa tukunyarki ta yanke hukunci. In kabsa ce, shinkafar Larabawa mai maiƙo, sai zoɓo da citta, don ya wanke baki. Ƙosai, kunun tsamiya. Gahawa kuwa ba ta yarda a miƙa ta babu dabino. Na taɓa ba baƙi tuwon shinkafa da lemon kwalba, wuni ta yi tana min tsiya, wai na ci mutuncin tuwo.

Da na haifi 'yata ta fari, na gaya mata gasasshen rago za a ci da gurasa. Ta ce to jiƙon dabino, nama mai gishiri zaƙi yake so. Ta sa aka kawo mata dabinon Badar, ta jiƙa a tulu kamar yadda ta saba yi da sanyi. Amma tsakiyar zafi ne, ba ta da firji, kuma ashe hancinta ya daina jin ƙamshi tun wata mura da ta yi. Ba wanda ta gaya wa.

Ranar suna abokan karatun maigidana suka cika falo, aka kai musu jiƙon. Ina ɗaki sai na ji muryar wani ɗalibi, da Larabci don kowa ya ji, wai abin ya yi kumfa, ya zama giya. Giya, a Madina. Ai da sai ya ajiye kofin ya ja maigidana gefe. Ina, sai da ya yi wa'azi. Har yau in na tuna muryar nan raina ɓaci yake yi.

Iya ta ɗebo a ludayi, ta daɗe tana shinshinawa, sannan ta miƙo min.

"'Yar nan, gaya min gaskiya. Ya lalace?"

Tsamin ya doki hancina. Na ce, "Ya lalace, Iya."

Ta ɗauki tulun da kanta ta tuttular a bayan gida, ta ja mayafi ta fita, ko loma ba ta ci ba.

Kafin a ce me, magana ta kai har unguwar Bani Harisa. Matsorata suka ce irin wannan zance kan iya jawo wa mutum asarar iƙama, takardar izinin zama a ƙasar. Maigidana ya bi gida-gida yana cewa kuskure ne, babu zunubi a kanta. Kowa ya ce haka ne, Malam. Amma ba a sake kiran ta ba. Aka koma lemon kwalba da kowane irin abinci, ni kuwa ko kallonsa ba na son yi.

Da na yi arba'in na kai mata tuwo da miyar kuka. Ta rame, tulun yana kife a lungu. Na zauna, na buɗe kwano, na yi kamar ba abin da ya faru.

"Iya, me za mu sha da shi?"

Ta daɗe tana kallon miyar. Na ga bakinta ya motsa, na san amsar ta zo mata. Sai ta haɗiye, ta nuna randa.

"Ɗebo ruwa, 'yar nan. Shi kaɗai zan iya rantsuwa a kansa yanzu."