Mai Turame da Tsiron Ƙirya

Monica mai sakwara ba ta san sunansa ba. Daga rumfarta a bakin Kasuwar Sabon Gari take hango shi kullum: dattijo dogo, ƙashin wuya a waje, yatsa ɗaya guntule, da gani saran gizago ne. Turame yake sayarwa, kuma kowace shekara sai ƙara tsukewa suke yi. Na bana ko doya guda ba za su ɗauka ba.

"Baba, wannan ai na dakan yaji ne," in ji ta.

"Madam, iya kaurin bishiyar ke nan. Manyan ƙirya duk sun tafi gawayi."

Yau wata ƙungiya tana rabon dashe kyauta, ana ta ɗaukar hoto. Jama'a na wawar mangwaro da gwaiba. Shi kuwa yana bin ledojin dashen ɗaya bayan ɗaya, yana murza ganye, har ya tsinci wani siririn tsiron ƙirya da kowa ya tsallake. Ya sa shi cikin wani fasasshen turmi, ya juye masa ruwan butarsa kaf.

Monica tana kallonsa. Ƙila shekara arba'in ya yi yana sara bai taɓa dasa ko ɗaya ba. Ƙila ko filin da zai kai shi ba shi da shi.

"Baba, yaushe zai isa sassaƙa?"

Bai ɗago kai ba.

"Shekara hamsin, Madam. Amma yanzu ba a barin su su kai goma."