Rijiyar Da Ka Rufe, Ni Na Buɗe

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga Sha'aban, labari ya iso mu daga Asyut cewa Allah Ya karɓi ranka, Rifa'at Afandi, likitan ƙauyenmu. Ni ne Shahhat mai sayar da ruwa, wanda kake kira Baffa Kan Dutse.

Shekarar annobar amai da gudawa ka zo mana, kana saurayi, a kan jakin aro. Ka ce wasu halittu ne a cikin ruwa, ido ba ya ganinsu, su ke kashe mu. Na yi dariya a gaban jama'a, na ce, "Afandi, shekara ashirin ina ɗaukar ruwan nan, ban taɓa jin wani ya cije ni ba." Ka ce, "Baffa, zo ka leƙa madubina ka gan su mana." Na ƙi.

Ka sa aka rufe rijiyar masallaci, ka ce a tafasa duk abin da za a sha. Rijiyar da mahaifina ya haƙa! Da tsakar rana, kowa ya fake wa zafi, na ɗage katakon da aka rufe ta da shi na cika salkata. Gida huɗu na kai wa, har da nawa. Mutum bakwai aka binne. Ta bakwai ɗin Nabawiyya ce, 'yata.

Kwana biyu ka yi a kanta kana ɗiga mata tafasasshen ruwa da cokali. Ka ga jiƙaƙƙiyar salkar a bayan ƙofa. Da dagaci ya tambaye ka wa ya taɓa rijiyar, mutane na tsaye da sanduna, ka ce, "Aikina marasa lafiya ne, ba bincike ba." Salkar kawai ka ƙone, ka aiko mini da tukunyar tagulla. Shekara talatin ba ka tayar da maganar ba, in mun haɗu sai dai ka ce, "Baffa, tukunyarmu na aiki?"

Tana aiki. Har yau ban leƙa madubin ba, amma ɗigo ɗaya ban ƙara ba kowa ba sai ya tafasa.

Yanzu mai rufa mini asiri ya tafi, ni kuma ba zan je kabari da asirin nan ba. Gidan Abdul Mawla, gidan Sitt Zakiyya, gidan Hassanain: ni ne na kai muku ruwan rijiyar. Ina nan ƙofar gidana.

Allah Ya rufa maka asiri ranar tonon asiri, Ya shayar da kai daga Alkausara. Ya ba matarka Sitt Wahiba da 'ya'yanku haƙurin rashinka. Amin.