Miyar Juma'a da Tukunyar Aro

Kakata ta wajen uwa tana da wata katuwar tukunya a gidanmu na Mandawari, baƙa ƙirin, kunne ɗaya ya karye. Duk mai suna ko biki a layinmu ita yake aro. A unguwarmu kuwa ba a mayar da tukunyar aro wayam, abin kunya ne. Sai an jefa wani abu a ciki: ƙullin daddawa, busasshiyar kuɓewa, kan kifi, abin da dai ya sawwaƙa.

Kaka ta kafa wa kanta doka. Abin da tukunya ta dawo da shi a mako, da shi za a yi miyar Juma'a, ba ta zubarwa, ba ta sayo ƙari in ba gishiri da mai ba. Mu jikoki muka sha gwaji, wallahi. Akwai miyar da muka ci muna santi, akwai wadda kakanmu ya kai loma ɗaya ya tuna wai yana da ɗaurin aure.

Yayar Kaka, wadda muke kira Hajiyar Koki, ba ta ɗauki wannan a matsayin girki ba. Ita miyar kukarta yadda uwarsu ta koya mata haka take har gobe. Kullum cewa take ƙanwarta caca take yi da cikin mutane. Maganar tana ci wa Kaka rai ƙwarai, don tun suna 'yan mata yayar ba ta taɓa yaba mata ko dafaffen ruwa ba. Rannan Hajiya ta aiko cewa Juma'a za ta zo ta ɗanɗana da bakinta.

A makon nan gida ɗaya ne kawai ya ari tukunyar, wasu baƙi da suka tare kwanan nan. Matar gidan tana son ta burge, sai ta dawo da ita shaƙe da dabino, soyayyiyar gyaɗa da lemon tsami. Na leƙa ciki na ce, "Kaka, mu saci kuɓewa a ɗakin Umma, wa zai sani?"

"Tukunyar za ta sani," in ji ta. "Miƙo turmi."

Ta daka gyaɗar, ta cire ƙwallon dabinon ta jiƙa, ta matse lemon, tana yi tana magana da tukunyar kamar mai lallashin akuya. Miyar ta fito wani launi da ban san sunansa ba.

Hajiyar Koki ta wanke hannu, ta kai lomar farko, ta yamutsa fuska.

"Wannan miya ce ko kunu?"

Ta kai ta biyu. "Zaƙi a miya, sai ka ce gidan marasa mafaɗi."

Haka ta yi ta zagi tana ci har ta ga bayan malmalarta, ta jawo ta kakanmu. Da za ta tafi ta ce a ɗora mata tukunyar a adaidaita, aro take so. Ta gama yanke cewa sirrin a jikin ƙarfen yake.

Bayan mako ta dawo da ita da kanta, rai a ɓace. Wai tukunyar ta raina ta, miyar kuka kawai ta yi mata irin ta kullum. Da muka buɗe murfin, sai ga sabulun wanka guda a ciki.

"To, dafa wannan mu gani," in ji Hajiya.

Yau da nake rubuce-rubuce, in aka tambaye ni inda nake samo labari, wannan sabulun nake tunawa. Kaka ta juya shi, ta shinshina, ta ajiye gefen buta.

"Ya yi daidai, Yaya. Juma'a ki dawo. Kya wanke hannu da shi in kin gama suɗe kwanon."

Hajiya ta ja tsaki, ta gyara mayafi. Sai da ta kai zaure ta waiwayo ta ce a rage lemon tsamin.